Darussan da aikin agajin ambaliya ya koya mana a Accra

Kuskuren da ya fi ci mana rai a wannan aiki shi ne rubuta sunaye bayan ruwa ya janye. Duk wanda ya taɓa rabo a Alajo ko Nima ko Adabraka ya san yadda ake yi. Mota ta iso da katifu da shinkafa da barguna, jami'i ya sauko da littafi, ya tsaya a ƙofar gida ya tambayi sunan mai gida. Gidan haya mai ɗaki 12 sai ya shiga a layi ɗaya. Katifa biyu su faɗa hannun mai gidan, wanda sau da yawa ba ma a unguwar yake kwana ba, 'yan haya kuwa suna shanya jiƙaƙƙun tabarmi a kan katanga suna kallo. 'Yan kayaye, mata masu dakon kaya a ka, masu kwana a barandar shaguna ba su da mai gida, don haka babu su a ko'ina. In ƙaramin ma'aikaci ya ce a ƙirga ɗaki-ɗaki, sai daga sama a ce lokaci ya ƙure, masu kyamara na jira. Har yau wannan amsa tana yi mana ciwo.

Ghana ba ta kan hanyar mahaukaciyar guguwar teku, amma ƙasashen da take dukawa sun riga mu gane bakin zaren. A Kuba, kafin lokacin guguwa ya kama a watan Yuni, kowace unguwa ta san tsofaffinta da masu juna biyu da naƙasassu, da inda za a kai kowa. Bangladesh, wadda a lokacin Gabashin Pakistan ce, ta rasa aƙalla mutum 300,000 a guguwar 1970, sai ta kafa 'yan sa-kai masu bin ƙauyuka da lasifika da tuta. A guguwar Sidr ta 2007 adadin hukuma bai kai 4,000 ba.

Mu nan, a yi rajista a Maris ko Afrilu, kafin ruwan Mayu da Yuni. A bi ɗaki-ɗaki: sunan mai ɗakin, mutum nawa, lambar waya, wane ne sai an ɗauke shi. Kofi uku, ɗaya wurin sarkin zango ko liman, ɗaya wurin shugabar mata, ɗaya a ofis, kowanne a cikin leda. A sabunta duk shekara, domin ɗan haya ba ya daɗewa wuri ɗaya.

A kuma sanar da kowa mafakarsa tun sararin sama na fari. Daren 3 ga Yuni 2015 mutane sun fake a gidan mai na kusa da shataletalen Kwame Nkrumah Circle saboda nan ne rufin da ke kusa. Fetur ya bi ruwa, wuta ta kama, fiye da mutum 150 suka rasu. Allah ya jiƙansu. Makaranta ko masallacin da ke kan tudu za a zaɓa, a san mai riƙe da makulli da wanda zai tsaya masa in ba ya nan.

A mafaka, lita 15 na ruwa ga kowane mutum a rana, bayan gida ɗaya ga mutum 20, na mata daban kuma da fitila. Kada a jibge shinkafa a daɓen sito, a ɗora ta kan katako. A yashe kwatoci masu zuba a kogin Odaw kafin ruwan farko, a kwashe yashin a ranar, in ba haka ba ruwa zai mayar da shi.