Shirin gudun fanfalaki: a hankali ake tara kilomita

Tsawon gudun fanfalaki kilomita 42.195 ne. Wanda ke son shiga na Legas, wanda aka soma a 2016 kuma ake yi a watan Fabrairu, tun Oktoba ya kamata ya fara shiri. Ana buƙatar mako 16 zuwa 20, wannan ma ga wanda ya riga ya iya gudun kilomita 10 ba tsayawa.

Abin da ya fi kayar da sababbin shiga shi ne gaggawa. Mutum ya fito da asuba ya zuba gudu kamar an biyo shi, mako uku ba su cika ba ƙwauri ya fara zogi, gwiwa ta kumbura. Zuciya da huhu suna saurin sabawa da wahala, amma ƙashi da jijiyoyi sai sun ɗauki watanni. Saboda haka yawancin gudunka ya zama na sassarfa, irin wanda za ka iya hira da abokin gudunka ba tare da haki ya tsinke maka magana ba. Ƙarin da za ka yi duk mako kada ya wuce kashi 10 cikin 100 na kilomitan makon da ya gabata, a mako na huɗu kuma ka rage.

Sau ɗaya a mako ake yin dogon gudu, kuma shi ne ginshiƙin shirin. Fara da kilomita 12, ka riƙa ƙara ɗaya ko biyu har ka kai 30 zuwa 32, saura mako uku gasa. A nan ne ake koya wa ciki cin abinci ana gudu. Sukarin da jiki ke ajiyewa a tsoka da hanta yakan ƙare wajen kilomita 30, sai ƙafa ta yi nauyi, kai ya ɗauki juwa. Maganinsa ka fara ci tun minti 45 da tashi, giram 30 zuwa 60 na sukari duk awa. Ƙananan dabino shida zuwa goma duk awa sun wadatar, ka cire ƙwallon tun a gida. Ruwa kuma kurɓa ake yi kaɗan-kaɗan. Ɗirka shi zalla da yawa yana tsinka gishirin jini, kuma hakan na da haɗari.

Wanda ya yi atisaye a Kano ko Jos cikin hunturu ya sani cewa Legas daban ce. A arewa iska busasshiya ce, gumi na bushewa nan take. Can kuwa laima ba ta barin gumi ya bushe, jiki sai ya yi ta ɗaukar zafi. Ka rage saurin da ka saba tun daga farko, in da hali ka isa garin da wuri.

Kada ka sa sabon takalmi ranar gasa. Shafa basilin a cinyoyi da hamata, ka liƙa filasta a kan nono, don riga mai gumi tana goge shi har ya yi jini. Mako ukun ƙarshe ka rage kilomita sosai, ka ƙara barci.