Tagwayen diski: inda na kai da kwamfutar shagon Alhaji

Assalamu alaikum 'yan uwa masu koyo. Lahadi huɗu ke nan ina kan wannan aiki, ga yadda ya kasance.

A watan Afrilu, lokacin da zafin Garwa ke kaiwa inda ƙarfen ƙofa ba ya taɓuwa da rana, kwamfutar maƙwabcinmu mai sayar da siminti ta yi ta wani ƙara, ƙyas, ƙyas, ƙyas, daga nan ba ta ƙara tashi ba. Lissafin bashin shekara uku yana cikinta. Da idona na gan shi zaune a kan buhu yana kiran mutane ɗaya bayan ɗaya, yana tambayar kowa nawa ake bin sa, ba shi da shaida sai tsoron Allah na wanda ya ɗauki wayar. In ka ga gemun ɗan uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Ni ne mai riƙe lissafi a shagon kayan babur na Alhaji. Kwamfutarmu ta kan tebur ce, tsohuwar hannu, da Windows 10 na Faransanci da diski mai juyawa na giga 500. Dama kullum ina kwashe fayilolin lissafi a filas, wanda mu nan muke kira kile. Amma manhajar lissafin kanta wani ne ya sa mana ita shekarun baya, ya daidaita ta da injin buga rasit, ya koma Duwala, bai bar mana faifai ko lamba ba. In diskin ya mutu yau, fayilolin suna hannuna, abin buɗe su babu. Shi ya sa nake son tagwaye: wani diski da ya ɗauke komai da komai, wanda za a cire wancan a sa shi, shago ya ci gaba da ciniki.

Lahadi ta farko

Kafin in taɓa komai sai da na nemi izini. Kwamfutar ba tawa ba ce, kuma cikinta akwai sunayen masu bashi da sirrin cinikin mutum. Na ce, "Alhaji, ina so in yi wa kwamfutar nan tagwaye, amma diskin da za a kwafa a kai, a hannunka zai zauna." Ya ce, "To yaro, kada dai ka ɓata mini ta." Ku ma ku nemi izini. Kwafin diskin wurin aiki ba tare da sanin mai shi ba cin amana ne, ko da niyyarka mai kyau ce.

Na fara da duba lafiyar diskin da CrystalDiskInfo. Tana karanta bayanan da diskin ke ajiyewa game da kansa, ta nuna shuɗi in lafiya lau, rawaya in an fara samun matsala, ja in abin ya ɓaci. Layuka biyu Kawu mai gyara na babbar kasuwa ya ce in riƙa kallo, 05 da C5: na farko yana ƙirga gurabun da suka lalace aka maye su, na biyu waɗanda ake shakkarsu. Namu duk sifili ne, alhamdu lillahi. Da sun fara hawa, ya ce akwai wata manhaja, ddrescue, da aka yi don diski mai ciwo, domin tana tsallake wurin da ya ƙi karantuwa ta dawo masa daga baya.

Manhajar kwafin da na zaɓa Clonezilla ce. Kyauta ce, daga wata cibiyar kwamfuta ta ƙasar Taiwan ta fito, kuma ba a cikin Windows take aiki ba. Ana sa ta a kile da manhajar Rufus ko Ventoy, a tayar da kwamfutar daga kilen, da F9 a HP ko F12 a Dell.

A ranar ne na gano na sayo diskin da bai dace ba. Na sayi SSD, wato sabon nau'in diski marar juyawa, na giga 480, ina ganin abin da ke cikin namu bai wuce giga 140 ba, wuri zai ishe shi har ya yi saura. Clonezilla ta ƙi. Ita faɗin filin take aunawa, ba yawan kayan da ke ciki ba: wanda za a zuba wa dole ya kai na asali ko ya fi shi. Windows yana nuna na 500 a matsayin 465, na 480 kuma 447, saboda masu ƙera diski da dubu suke ƙirge, Windows kuma da 1024. Akwai hanyar matse ɓangaren C, babban yankin diskin da Windows yake ciki, ya ragu har ya shiga. Na karanta ta, na fahimce ta, na ƙi bin ta, domin tana nufin in sa hannu a diskin Alhaji tun ban da kwafin komai. Na mayar wa mai shagon, na cika kuɗi, na karɓo na 512, wanda ke nuna 476.

Lahadi ta biyu

Abu biyu suka tsayar da ni kafin a fara. Windows yana da wata dabarar tashi da sauri: in ka ce ya mutu, ba ya mutuwa duka, sai ya yi rabin barci ya bar diskin a ɗaure. Clonezilla ta ga diskin a haka ta yi ƙorafi ta tsaya. Maganin mai sauƙi ne, ka danne Shift lokacin da kake latsa wurin kashewa, ya mutu na gaske. Na biyu shi ne allon rubutu. Namu na Faransa ne, AZERTY, ita kuwa Clonezilla da na Amurka take farawa, ka latsa A ta rubuta Q. Tana tambaya tun a farko, ku zaɓi na Faransa a wurin.

Sai wurin da ya fi ko'ina haɗari. A can babu C babu D, sunayen diski su ne sda da sdb, kuma ba tabbas wanda ya zama sda yau shi ne sda gobe. In ka juya su, ka sa sabon a matsayin uwa, wato wanda ake kwafa daga gare shi, babu komai za a kwafa a kan komai, shekarun lissafi su tafi cikin daƙiƙa. Na kashe kwamfutar, na buɗe murfin, na haska fitilar waya a kan takardar da ke manne a bayan kowane diski, na rubuta sunan kamfani da lambobi huɗu na ƙarshen lambarsa a bayan wani tsohon rasit. Clonezilla tana nuna waɗannan lambobi a jerinta. Sau biyu take tambaya ko ka tabbata, sau biyun kuma na ɗora yatsa a kan rasit ɗin na karanta da ƙarfi kafin in latsa y.

Da wayar USB na haɗa sabon, a ramin gaba na kwamfutar. Ramin na tsohon yayi ne, USB 2.0, wanda da ƙyar yake wuce mega 30 a daƙiƙa, wato giga 140 zai ci fiye da awa ɗaya. Ya kai kashi sittin da wani abu aka ɗauke wuta. Kun san yadda ƙarshen rani yake mana, ruwan Binuwai ya ja baya a madatsar Lagdo, wuta ta yi ƙaranci. Gabana ya faɗi. Da wuta ta dawo na kunna na asali, ya tashi lafiya, domin karanta shi kawai ake yi, ba a rubuta masa komai. Na aro ondila a wurin Kawu, akwatin batirin nan mai riƙe wuta na 'yan mintoci, na kuma cire wayar injin faifan DVD na sa wa SSD ɗin a ciki kai tsaye. Bai kai rabin awa ba ya gama. Clonezilla ta ce an yi nasara. Na naɗe diskin na sa a aljihun tebur, na tafi gida da farin ciki.

Lahadi ta uku

Ranar Alhamis na je mayar da ondila, ina ba Kawu labari. Yana kan walda wani allo, bai ko ɗago ba ya ce, "Ɗana, ka kunna shi?" Na ce manhajar ta ce ya yi. Ya ajiye ƙarfen ya dube ni. "Ita ta ce ta kwafi abin da ka ce ta kwafa. Ka kunna shi ka gani?"

Ranar Lahadi na cire diskin Alhaji gaba ɗaya na ajiye a kan kwali, na sa tagwayen a gurbinsa, na latsa. Baƙin allo, da layi ɗaya na rubutu: ba a sami abin tashi ba. Na sake, haka. Kwana bakwai wannan diski yana aljihun tebur ina kwana da sakankancewa muna da madogara, har na faɗa wa Alhaji hankalinsa ya kwanta. Da na asalin ya mutu a cikin makon nan, da a gaban masu saye zan gano.

Laifin daga zaɓina ne. A jerin Clonezilla akwai disk_to_local_disk mai kwafe diski duka, akwai part_to_local_part mai kwafe ɓangare ɗaya kawai. Na ga diskin namu ya kasu huɗu, babba ɗaya da ƙanana uku, na ɗauka ƙananan tarkace ne, na kwafi babban kaɗai a kan ɓangaren da na riga na yanka a SSD ɗin ranar da nake duba girmansa. Ashe ɗaya daga cikin ƙananan, mai mega 100 kacal, shi ne ƙofar gidan. Ana kiran sa EFI. Idan kwamfutar zamani ta kunnu, can take fara leƙawa ta ɗauko ɗan fayil ɗin da zai nuna mata inda Windows yake. Na biyu mai mega 16 Windows ne ke keɓe wa kansa, na ukun kuma kayan gyara ne na ranar da ya ƙi tashi. Na gina ɗakuna cike da kaya, ban bar ƙofar shiga ba.

Na sake daga farko da disk_to_local_disk, da rasit ɗina a gefe. Na cire na asali, na kunna. Tambarin Windows ya fito, hoton shagon da ke fuskar allo ya fito, ban gama gyara zama ba ya riga ya buɗe. Ban tsaya nan ba. Na buɗe manhajar lissafi, na nemo cinikin ranar Asabar, na gwada jimlar da ta littafin hannu, ta yi daidai. Na buga rasit ɗaya na gwaji, injin ya turo shi da sunan shago a sama. Rasit ɗin yana cikin walat ɗina.

Gargaɗi biyu daga Kawu. Kada ku bar tagwayen biyu a haɗe ku kunna Windows: lambar shaidarsu ɗaya ce, zai kashe ɗaya ya ajiye gefe, in kuma ka tilasta masa ya buɗe shi sai ya sauya masa lambar, abin da kan iya hana shi tashi daga baya. Sannan ku duba ko an kulle diskin da BitLocker kafin ku fara, da umarnin manage-bde -status. Namu a buɗe yake. In naku a kulle ne, akwai mabuɗi mai lamba 48 da dole ku samu a rubuce a takarda tukuna, kuma kwafin zai daɗe, domin Clonezilla ba ta iya gane inda kaya suke da inda babu, sai ta ɗebi filin duka.

Lahadi ta huɗu

Alhaji ya ga saurin SSD ɗin ya ce a bar shi a ciki. Na yarda da shawarar, har da wani dalili nawa: SSD da aka ajiye dogon lokaci ba wuta, musamman a zafi irin namu, yana iya fara zubar da abin da ke cikinsa, shi kuwa mai juyawa ya fi jure zaman aljihu in dai ba a yar da shi ba. Tsohon diskin na manna masa takarda da kwanan wata, na sa a ledarsa, Alhaji ya tafi da shi gida. A shago ba zai zauna ba, gobarar kasuwa ko ɓarawo ba sa zaɓen diski ɗaya su bar ɗaya.

Yanzu ga inda na tsaya. Tagwayen hoton ranar da aka yi shi ne, cinikin Litinin ba ya ciki, don haka kwashe fayiloli a kile kowace yamma yana nan yadda yake. Kuma tun da uwar ta koma mai giga 512, tsohon na 500 ya yi mata kaɗan, ba zan iya sabunta kwafin a kansa ba. Wannan ya tura ni ɗaya hanyar, device-image, inda ake dunƙule diskin duka ya zama fayiloli a matse cikin jaka ɗaya, a tara na wata da wata a babban diski na waje. Ina bukatar iya ta da wuri, domin Microsoft ya daina tallafa wa Windows 10 tun 14 ga Oktoba 2025, kuma ba zan yarda a taɓa kwamfutar nan da sunan sauyi ba sai ina da hanyar komawa. Kawu ya ba ni aron wani diski mai tera ɗaya. Lahadi mai zuwa zan yi savedisk, in mayar da shi da restoredisk a kan wani diskin daban, in kunna shi, in buga rasit.