Talata: motar Kawu ta ƙi tashi

Tun da aka janye tallafin man fetur a 2023 Kawu ya rage fita da Prius ɗinsa, motar Toyota mai aiki da fetur da batir, kuma da ciwon gwiwar nan ya matsa masa sai motar ta koma zaman rumfa, an lulluɓe ta da tamfol. Yau bayan la'asar ya aiko a kira ni saboda ta ƙi tashi. Na tarar da shi zaune a kujerar direba, fitilun gabansa suna ɗan kawo haske suna ɗaukewa, ransa a ɓace.

Ya ce, "Ɗana, babban batirin ya mutu, alhali kullum bayan asuba ina kunna ta ina sauraron labarai don kada ta yi sanyi."

Na ce, "Kawu, idan za ku danna maɓallin kunna ta, kuna taka birki?"

Ya ce ina ruwansa da birki tun da ba tafiya zai yi ba. Nan na gane inda matsalar take. Irin wannan mota batir biyu gare ta: babba mai ƙarfin sama da volt 200 wanda ke tura ta, da ƙarami mai volt 12 wanda ke tayar da kwamfutarta ya kuma haɗa babban da sauran na'urori. Idan aka danna maɓallin ba a taka birki ba, rediyo zai yi magana, amma kalmar READY, mai nuna cewa motar ta tashi sosai, ba za ta fito ba, kuma duk wutar da ake sha daga ƙaramin take fita ba tare da wani abu yana mayar masa da ita ba. Wato kulawar da Kawu yake yi mata kowace safiya ita ce ta tsotse shi.

Makanikenmu ya zo ya ba ta wuta, nan take ta tashi. Na bayyana wa Kawu shawarar da kamfanin Toyota ya bai wa masu irin motar a lokacin kullen korona na 2020, cewa a riƙa barin ta a READY kamar awa ɗaya sau ɗaya a mako. Giya ta kasance a P, domin a N babban batirin ba ya samun caji, kuma a yi hakan a fili inda hayaƙi zai fita. Injin zai riƙa tashi da kansa yana mutuwa, wannan ba lalacewa ba ce.

Kawu ya girgiza kai, ya ce ba zai ƙona mai a tsaye ba a wannan tsadar. Ban ga laifinsa ba, amma maganar ta dame ni har yanzu da nake rubutu. Ƙaramin batir abu ne da ake saya a kasuwa a sauya cikin minti kaɗan. Babban shi ne abin tsoro, domin yana zubar da cajinsa a hankali ko ba a taɓa motar ba, zafin Kano yana ƙara saurin hakan, kuma idan ya yi ƙasa sosai injin ma ba zai tashi ba, tun da shi ne ke murza shi. Kuɗin sauya shi ya fi ƙarfin fanshon Kawu nesa ba kusa ba.

Kafin in fito na leƙa ramin iskar da ke gefen kujerar baya, wanda fanka ke jawo iska ta cikinsa don sanyaya babban batirin, na ga ƙurar hunturu ta toshe ragarsa. Na goge abin da hannuna ya kai.

Mun tsaya a kan cewa ranar Juma'a ni zan kai shi masallaci da ita, kuma ta doguwar hanya za mu bi. Kuɗin man kuwa ya ce sai mun sake zama a kansa.