Ɗumin da ya yaudari tuffana

Gonata ba wata babba ba ce: bishiyar tuffa 40 da layi shida na inabi, can ƙasan kwari, tsaunuka gabas da yamma, teku kuwa ta yi mana nisa. A irin wannan wuri watan Fabrairu na sanyi ne da hazo da taɓo. A shekarar da nake ba da labarinta, sai ga rana ƙwal tun makon farko. Da azahar zafi na kaiwa digiri 22, har mutum ya tuɓe rigar sanyi. Mako uku ko ɗigon ruwa ba mu gani ba. Masu hasashen yanayi suka ce wata iska mai nauyi ce ta zo ta zauna a samanmu, tana karkatar da hadari zuwa wani wuri, ita kuma tana saukowa tana ƙara ɗumi da bushewa.

Ni dai murna na yi. Na ɗauki almakashi na gama askin inabi cikin kwana huɗu, na zuba taki, na bi tsakanin layuka da garma na kaftu ƙasa ta yi laushi. Ban-ruwa bai ko zo mini a rai ba, don wa ke ba bishiya ruwa da hunturu?

Maƙwabcina, dattijo ne da ya haura saba'in, ya leƙo ta shinge ya ce, "Yaro, ina kake sauri?" Na ce, "Baba, ai bazara ta shigo." Ya ɗaga kai ya dubi sama, babu ko ɗan gajimare, ya ce wannan saman ce ba ta kwanta masa ba. Shi bai taɓa inabinsa ba. Ciyawa kawai ya yanke ƙasa-ƙasa, ya saki ruwa a gonar.

Bishiyar tuffa barci take yi da hunturu, kuma tana ƙirga sa'o'in sanyi, wato lokacin da ma'auni ke tsakanin digiri 0 da 7. Iri da yawa na buƙatar sa'a 800 zuwa 1,000. Da zarar lissafin ya cika, ɗumi kawai take jira, ba ruwanta da kalanda. Sa'o'in bishiyoyina sun riga sun cika tun Janairu, don haka idanun rassa, wato wuraren da toho ke fitowa, suka kumbura, tsakiyar Maris fure ya buɗe, kusan mako uku kafin lokacinsa. Idon da ke barci yana jure sanyi mai tsanani ƙwarai. Furen da ya buɗe kuwa, rabin sa'a a digiri 2 ƙasa da sifiri kan kashe kashi 10 cikin 100, a digiri 4 ƙasa da sifiri kuma kashi 90 ne ke tafiya.

Abin da ban gane ba shi ne, sararin da ya ba mu ɗumin rana shi ne ke kwashe shi da dare. Gajimare da laimar iska bargo ne. In babu su, zafin da ƙasa ta tara sai ya tsere sama da faɗuwar rana. Sanyayyar iska kuma ta fi nauyi, tana gangarowa daga tsaunuka kamar ruwa, ta taru a wuri mafi ƙasa. Gonata ke nan. Kuma kaftun da na yi ya ƙara ɓata lamarin, domin busasshiyar ƙasa mai laushi cike take da iska, ba ta riƙe zafi. Jiƙaƙƙiyar ƙasa mai tauri ita ce ke sha da rana ta fitar da dare.

Daren da abin ya faru, ma'aunin da na rataya a bangon gida ya nuna digiri 1 sama da sifiri, na koma na kwanta. Ashe bango ne ke ɗumama shi. Da safe ciyawar ƙasan gona ta yi fari fat da daskararriyar raɓa. Na tsinki fure na tsaga da farce, cikinsa ya koma baƙi. Na tsaga goma, bakwai sun mutu. Sababbin tohon inabi suka yi laƙwas kamar an zuba musu tafasasshen ruwa. Na Baba, waɗanda jinkirin aski ya hana su tohowa, ko gezau. Bai ce mini uffan ba, kuma shirun ya fi zagi ciwo.

Layuka biyu na sama, inda ƙasa ta ɗan tashi, su suka ba ni tuffa a shekarar. Da rani kuma aka rage mana ruwan madatsa, saboda dusar ƙanƙarar da ta kamata ta taru a kan tsaunuka ba ta taru ba.

Yanzu ma'aunina biyu, ɗaya na ɗaure a reshe a lungu mafi ƙasa. Inabi sai ƙarshen hunturu nake aske shi, garma kuma ba ta shiga sai fure ya zube. In na ga rana ta yi kwana biyar tana dariya a Fabrairu, bututun ruwa nake fara janyowa, in jiƙa ƙasa kwana biyu ko uku kafin daren da ake tsoro, sannan in saita agogo ƙarfe uku na dare.