Daga Dutsen Yaktoruf Zuwa Dajin Ɓaunar Turai

Jirgin ƙasan da na shiga a Warso, babban birnin ƙasar Folan, bai cika awa guda ba ya ajiye ni a Yaktoruf. Watan Fabrairu ne, sanyi yana ratsa riga har ƙashi. Ƙaramin gari ne da babu abin da zai tsayar da baƙo a cikinsa, in ba wani dutse da aka girke a bakin hanya ba. Shi na zo gani, shi ya sa ma na ware yini guda daga cikin kwanakin da nake da su.

Dutsen bai kai yadda na zata ba. Na share dusar ƙanƙarar da ta lulluɓe rubutun da hannuna, yatsuna suka sandare. Abin da aka rubuta shi ne cewa a dajin wannan wuri ne san dawa, wanda mutanen ƙasar ke kira tur, kakan shanun gida, ya rayu har zuwa shekarar 1627. A 1972 aka kafa dutsen. Dajin kansa babu shi yanzu, sai gidaje da gonaki da motoci masu wucewa.

Tur ba ƙaramar dabba ba ce. Bijiminsa baƙi ne, tsayinsa a kafaɗa kan kai kusan mita 1.8, ƙahonsa ya lanƙwaso gaba. Ya taɓa cika Turai da Asiya da arewacin Afirka. Kimanin shekara 10,500 da suka wuce, wasu mutane a yankin saman kogin Furatu suka kama kaɗan daga cikinsu suka fara kiwo. Wani binciken ƙwayoyin gado da aka wallafa a 2012 ya nuna cewa shanun da ba su da tozo za su iya kasancewa zuriyar mata kusan 80 kacal. Masu tozo kuwa daga baya aka sabar da su a kwarin Indus, daga wani reshe na wannan dabba dai. Yau shanun duniya sun kai wajen biliyan ɗaya da rabi.

Ina tsaye a gaban dutsen nan tunani ya ɗebe ni. Da a ce mutanen can sun ga ƙahon nan sun ja da baya, kamar yadda aka ja da baya ga ɓauna da jakin dawa, da wace irin duniya za mu tarar? Babu garmar shanu, saboda haka noma ya tsaya inda ƙarfin hannu ya tsaya. Babu amalanke a wurare da yawa. Al'ummomin da suka gina rayuwarsu a bayan garke da sun zama wasu mutane dabam, da wata sana'a da wasu waƙoƙi. Har ilimin rigakafi da ya bi wata hanya, domin da aganar shanu likitan Ingila Edward Jenner ya gwada rigakafin agana a 1796. Mata tamanin, da wasu masu ƙarfin zuciya da babu wanda ya san sunansu.

Amma abin da ya fi ci mini rai wani ne. Tur bai mutu a sake ba, a hannun masu tsaro ya ƙare. Sarakunan Folan sun hana farautarsa, sun ɗauke wa mutanen Yaktoruf haraji don su kula da shi, su yanka masa ciyawa su ajiye saboda hunturu, su riƙa ƙidaya shi. A 1564 an ƙirga 38. A 1599 saura 24. Bijimin ƙarshe ya mutu a 1620, aka yi wa sarki ƙahon busa da ƙahonsa, wanda sojojin Suwidin suka kwashe a mamayar 1655, yana can Stokholm har yau. Saniya ɗaya ta rage, ta yi shekara bakwai tana yawo ita kaɗai. Da masu binciken sarki suka zo a 1630, sai aka ce musu ai ta mutu shekara uku da suka wuce. Daji ya yi ta ƙanƙancewa, shanun gida suna cinye makiyaya, suna kuma kawo cuta. 'Ya'yan da aka raina a gida su suka ture uwarsu daga inda take kiwo.

Kashegari na kama hanyar gabas. Jirgi zuwa Hainufka, daga nan motar haya ta yi da ni kilomita kusan 20 a cikin bishiyoyi zuwa Biyalowiyeja, dab da iyakar Belarus. Dajin Biyalowiyeja na cikin ragowar tsohon dajin da ya taɓa rufe filayen Turai, kuma UNESCO ta sa shi cikin wuraren tarihi na duniya tun 1979.

Tun kafin asuba ɗan jagora ya ƙwanƙwasa mini ƙofa. Dattijo ne mai farin gemu, maganarsa kaɗan. Muka tsaya a bakin wani fili inda daji ya yanke, ya ɗora yatsa a leɓe. Da fari ban ga komai ba sai wasu duwatsu baƙaƙe a cikin fari. Sai ɗaya daga cikin duwatsun ya ɗaga kai, tururi ya fito masa ta hanci kamar an buɗe tukunya. Bakwai ne, suna tona dusar ƙanƙara da baki suna neman ciyawa. Babban cikinsu yana da tudun kafaɗa da gemu mai kauri, ƙanƙara ta daskare a gashin goshinsa. Zubur ke nan, ɓaunar Turai, dabbar da ta fi kowace nauyi a doron ƙasar nahiyar. Gani ya kori ji.

Na ce da shi a hankali, "Baba, waɗannan ba sa tsoronmu?"

Ya ce, "Suna ganinka, ɗana. Kada ka ƙara taku ɗaya."

A hanyar komawa ya buɗe baki, ya ba ni labarin da na ɗan sani a takarda amma ban taɓa jin nauyinsa ba. Kafin Yaƙin Duniya na Ɗaya akwai zubur kusan 700 a dajin nan. Sojojin Jamus suka shigo a 1915, yunwa da bindiga suka biyo baya, a 1919 aka kashe ta ƙarshe. A duwatsun Kokesas ma aka gama da su a 1927. Abin da ya rage a duniya 54 ne, warwatse a gidajen ajiye namun daji da gandayen masu hali.

Nan ne hanyar zubur ta rabu da ta tur. A 1923 wani masani ɗan Folan, Jan Sztolcman, ya yi kira a wani taro a Faris, babban birnin Faransa, aka kafa ƙungiyar ceton dabbar a Balin, babban birnin Jamus, a shekarar. Aikin da suka fara ba mai armashi ba ne: littafi suka buɗe. Kowace dabba da sunanta, da uwarta, da ubanta, da inda take, don a ware masu jinin gauraye a san wa za a haɗa da wa. A 1929 aka dawo da wasu Biyalowiyeja cikin shinge, a 1952 aka fara sakinsu daji. Duk zubur ɗin da ke raye yau daga kakanni 12 suka fito. A 2019 waɗanda ke yawo a sake sun haura 6,200, shekarar da ta biyo baya aka sassauta matsayinsu a jerin dabbobin da ke cikin haɗari.

Na yi ta juya wannan a raina. A 1564 tur 38 ne, zubur kuma da 12 aka tayar da shi. Da a ce an raba garken Yaktoruf gida uku, an kai wasu wani daji nesa da shanun ƙauye, da wataƙila safiyar nan bijimin tur nake kallo. Masu tsaronsa ba su yi ha'inci ba, sun ƙirga da gaskiya, sai dai ƙidaya kaɗai suka iya yi. Da na sani ƙeya ce, amma wannan tana da zafi saboda tazarar ba ta da yawa.

An yi ƙoƙarin gyara abin daga baya. A shekarun 1920 da 1930 wasu 'yan'uwa biyu, Heinz da Lutz Heck, masu kula da gidajen namun daji a Munik da Balin, sun yi ta haɗa nau'o'in shanu don su fito da tur. Sun samu shanu masu faɗa da dogon ƙaho. Kama da wane ba wane ba ne.

Da rana na shiga gandun nuni da ke kusa da garin, inda na tarar da amsar wata tambayar da ban ma yi ba. Akwai wata dabba a can da suke kira zubron, haɗin zubur da saniya. Tun 1847 aka fara gwada haɗin, aka sake ɗaukarsa gadan-gadan daga 1958, da burin samun dabbar kiwo mai jure sanyi da cuta wadda ba ta buƙatar rumfa. Ta yi girma fiye da iyayenta duka biyu, amma mazan zubin farko ba sa haihuwa, ga taurin kai, sai aka watsar da shirin a ƙarshen shekarun 1980. Ni kam na yi murna da hakan. Da zubur ya yarda da igiya, ina jin da yanzu akwai miliyoyinsa a garke, na daji kuwa an kafa masa dutse a bakin wata hanya.

Na jingina da shingen katako ina kallon zubron ɗin, shi ma yana kallona, yana tuƙa a hankali kamar kowace saniya. Motar Hainufka ta ƙarshe na gab da tashi, ga duhu yana saurin sauka a wannan watan. Na ja hulata na rufe kunnuwa, na bi sawun da na zo da shi zuwa bakin titi.