Furosesa na hutawa, uwar garke na nishi

Uwar garken da nake kula da ita, wato kwamfutar da ke ɗauke da shafukan intanet, Linux ce mai RAM gigabayit 16, a kanta Nginx mai karɓar buƙatun masu ziyara, da PHP-FPM mai tada ma'aikatan da ke sarrafa buƙatun, da rumbun bayanai na PostgreSQL suke zaune tare. Ƙorafin masu amfani da ita ɗaya ne: da zarar jama'a sun yi yawa sai shafuka su ƙi buɗewa, in an ɗan jima kuma komai ya koma daidai kamar ba a yi ba. Ni kaina in na shiga ta SSH, hanyar sarrafa na'ura daga nesa, a irin wannan lokaci, sai na rubuta umarni na zauna ina jiran haruffan su bayyana.

Abin da umarnin top, mai jera ayyukan da ke gudana, ya nuna ne ya fara ɗaure mini kai. Ma'aunin lodi, wato matsakaicin yawan ayyukan da ke layi, ya yi sama sosai, amma furosesa kusan zaman banza take yi, sai adadin wa, wato lokacin jiran faifai, shi ne ya kumbura. A Linux ma'aunin lodi ba masu neman furosesa kaɗai yake ƙirgawa ba, har da ayyukan da suka maƙale suna jiran faifai, waɗanda ake yi wa alama da harafin D. Ashe layin da nake gani ba na furosesa ba ne.

Na duba umarnin free -h, mai nuna yadda ake amfani da RAM. A nan mutane da yawa ke ruɗewa, su ga gurbin free ya kusa ƙarewa su ɗaga hankali, alhali Linux da gangan take cika RAM ɗin da ba a amfani da shi da kwafen fayiloli don kada ta riƙa komawa faifai. Gurbin da ya kamata a kalla shi ne available, mai ƙiyasta RAM ɗin da za a iya ba sabon aiki, wanda aka shigo da shi a Linux 3.14 a 2014. Nawa dai ya yi ƙasa ainun, suwaf kuma, wato wurin faifai da ake kai abin da RAM ta kasa riƙewa, ya ɗauki kaya. To amma cikar suwaf ita kaɗai ba hujja ba ce. Shafukan memori, wato ƙananan gutsattsarin da ake raba RAM zuwa gare su, waɗanda aka kai can tun tuni, ba wanda ya sake nemansu, ba sa cutar da kowa. Zirga-zirga ce ke kashe na'ura.

Wanda ya nuna mini zirga-zirgar shi ne umarnin vmstat 1, mai fitar da sabon layi kowace daƙiƙa. A manta da layin farko, matsakaici ne tun daga kunna na'ura. A layukan da ke biye, si na nuna abin da ake ɗebowa daga suwaf, so kuma abin da ake turawa can. In so ya motsa shi kaɗai na ɗan lokaci, ana share wuri ne kawai. A tawa duka biyun ke gudu a tare, daƙiƙa bayan daƙiƙa: a fitar da shafi, nan take a neme shi, a dawo da shi ta hanyar korar wani wanda shi ma za a nema yanzu. Kowane shafi kilobayit 4 ne. Taɓa RAM na ɗaukar kimanin nanodaƙiƙa 100, karatu daga SSD kuwa kimanin ninki 1,000 na haka, faifai mai juyawa kuma sai an yi maganar milidaƙiƙa. Matsalar ma ba sabuwa ba ce, masanin kimiyyar kwamfuta Peter Denning ya yi bayaninta tun 1968: in shafukan da ayyuka ke buƙata a lokaci guda suka fi ƙarfin RAM, na'ura sai ta koma dako maimakon aiki.

Wani abokin aiki ya ce, "Malam, kashe suwaf ɗin kawai mu huta." Na ƙi, kuma har yanzu ina ganin wannan shawara ta fi kowace yaudara. In babu suwaf, shafukan da ayyuka suka ƙirƙira wa kansu ba su da wurin zuwa, sai matsin ya koma kan kwafen fayiloli, har da lambobin manhajojin da ke gudana. Linux ta jefar da su, ta sake karanto su daga faifai, ta sake jefarwa. Dakon na nan, sai dai si da so za su nuna sifili, ka rasa ma inda za ka gan shi in ba ka duba majflt/s, adadin shafukan da sai an ɗauko daga faifai a kowace daƙiƙa, a umarnin sar -B ba. Ƙarshenta kuma makashin ayyuka na OOM, wanda Linux ke saki in memori ya ƙare, ya zaɓi mai yawan ci, wanda a na'ura irin tawa yana iya zama rumbun bayanan. Rage vm.swappiness daga 60 da yake zuwa da shi ma haka ne: yana sauya wanda za a fara kora, ba ya ƙara ko bayit ɗaya.

Sai na koma neman wanda ya cinye RAM ɗin. RSS, ma'aunin RAM ɗin kowane aiki da top ke nunawa, yana ƙirga abin da ayyuka ke tarayya a kai sau da yawa, shi ya sa na ɗauko smem na duba PSS, wanda ke raba kason tarayya tsakaninsu. Lissafin bai da wuya. An sa pm.max_children, wato iyakar yawan ma'aikatan PHP, a 120, kowane ma'aikacin PHP na cin kusan megabayit 90, jimla ta haura gigabayit 10. PostgreSQL na riƙe da gigabayit 4 na shared_buffers, ma'ajiyar kwafen bayanai a cikin RAM. Ga work_mem, memorin da rumbun ke ware wa aikin jera bayanai, da wani ya ɗaga sosai daga megabayit 4 na asali, shi kuwa ba sau ɗaya ake ware shi ba, kowace jerawa a cikin kowace tambaya na iya ɗaukar nata. A lokacin da ba kowa, ma'aikata kaɗan ke raye, komai ya wadatu. Cunkoso na zuwa, sai a tashe su duka, na'ura ta yi nauyi, buƙatu su daɗe, a ƙara buƙatar ma'aikata, nauyin ya ƙaru.

Gyaran ya yi kama da koma baya: na rage ma'aikatan zuwa 60. Gara buƙata ta ɗan jira a layi da a karɓe ta a sa kowa jiran faifai. Na sa pm.max_requests don ma'aikacin da ya kumbura ya sauka a tada sabo, na mayar da work_mem ƙasa, na bar babban kaso ga tambayoyin rahoto kaɗai, na kuma sa PgBouncer a gaban rumbun don a rage yawan haɗi. Aikin haɗa rahoto na dare na ɗaure shi da MemoryHigh, iyakar memori ta systemd mai kula da ayyukan Linux, wanda ke matsa wa aikin shi kaɗai in ya wuce iyaka maimakon kashe shi.

Ƙararrawar gargaɗi ma na sauya mata ma'auni. A da, kason RAM da aka cinye take kallo, abin da ke ihu ba dalili. Yanzu tana karanta /proc/pressure/memory, ma'aunin matsi na PSI da injiniyoyin Facebook suka kawo a Linux 4.20 a 2018. Layin some na faɗin kason lokacin da wani aiki ya tsaya jiran memori, full kuma lokacin da duk masu aiki suka tsaya a tare, a matsakaicin daƙiƙa 10 da 60 da 300. Na ɗora gargaɗin a kan some na daƙiƙa 60, domin shi ke fara motsi tun kafin masu amfani su ji a jikinsu. Suwaf har yanzu yana ɗauke da ɗan kaya, na bar shi yadda yake tunda si na zaune a sifili.