Idan tushe ya canza, dabarun rabawa ma sun canza

Ƙannena masu shirin WAEC da NECO, yawancin kurakuran da na tafka a lissafin tushen lamba (tushe shi ne yawan alƙaluman da ake ƙirga da su, kamar goma a lissafinmu na yau da kullum) daga wuri ɗaya suka fito: ɗaukar dabarun tushe goma a kai su inda ba gidansu ba.

Ku fara da gyara baki. In kun ga 144 a tushe 8, kada ku ce "ɗari da arba'in da huɗu". Ku ce ɗaya, huɗu, huɗu. Gurabensa 64 ne da 8 da 1, wato 64 sau 1, 8 sau 4, da 1 sau 4: 64 da 32 da 4, jimla 100. Wanda ya kira shi da sunan tushe goma, hannunsa ma da tushe goma zai yi aiki.

Sai cika da mara. Mun saba duba alƙalamin ƙarshe, amma wannan yana ci ne kawai idan tushen kansa cika ne, kamar 2, 8, 10 ko 16. A tushe 3, 12 yana nufin 5, mara ne duk da ya ƙare da 2, kuma 11 yana nufin 4. Dalili shi ne kowane gurbi a can mara ne: 1, 3, 9, 27. Don haka a tushe mara, tara alƙaluman za ku yi. In jimlar cika ce, lambar cika ce.

Wanda ya fi cin maki shi ne dabarar nan ta 3 da 9, wato a tara alƙaluman lamba, in 3 ko 9 ta raba jimlar, to tana raba lambar. Tana aiki a tushe goma ne saboda 10, 100 da 1000 kowanne in an raba shi da 9 saura 1. Ke nan dabarar ta "tushe ban da ɗaya" ce, da duk abin da ke raba shi. A tushe 8, jimlar alƙaluma 7 take gwadawa: 61 shi ne 49, kuma 6 da 1 sun ba da 7. Amma 12 a tushe 8 shi ne 10, wanda 3 ba ta raba shi, ko da yake 1 da 2 sun ba da 3. A tushe 16, wanda masu kwamfuta ke yawan amfani da shi, tana gwada 15, 5 da 3.

To yaya za a gwada 3 a tushe 8? Da dabarar da muke yi wa 11 a tushe goma: a tara wannan, a ɗebe na kusa da shi. Ita "tushe da ɗaya" take gwadawa, a nan 9 ke nan, da 3. Duba 33: 3 a ɗebe 3 saura sifili, kuma lambar 27 ce.

Wajen juya lamba daga tushe goma zuwa wani tushe kuwa, a kula da karanta saura. Raba 100 da 8: 12 saura 4, sai 1 saura 4, sai 0 saura 1. Daga ƙasa ake karantowa sama, 144. Wanda ya fara daga sama zai rubuta 441, wato 289. Abin da ya fi damuna a nan shi ne gwajin jimla ba ya kama wannan kuskure, tunda duka biyun jimlarsu 9 ce, kuma 100 da 289 kowanne saura 2 yake bari in an raba da 7. Sai dai ku mayar da amsar zuwa tushe goma gurbi-gurbi. Kuma in kun ga 8 ko 9 a cikin amsar tushe 8, ku sake rabawar daga farko, don 7 ne alƙalami mafi girma a can.